Zanen sito bai nuna haɗin ƙarfe ba, mai aiki na son a sa hannu: alhaki a wuyan wa?

Sani Mai Walda, Garwa, Kamaru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Shawarar manya nake nema, musamman injiniyoyi da masu sanin shari'a. An kawo mini aikin sito na ajiye masara da gyaɗa a bayan gari, faɗinsa mita 20, tsawonsa mita 48, duka da ƙarfe. Zanen shafi huɗu ne. Ya nuna ginshiƙai HEA 240, ƙarafan sama IPE 300 (lambobin siffa da girman ƙarfe ke nan), tazarar mita 6 tsakanin firam da firam, wato ginshiƙai biyu da ƙarfen saman da ya haɗa su. Amma inda ginshiƙi ya haɗu da ƙarfen sama babu komai: ba kaurin farantin ƙarfen da ke haɗa su, ba yawan bulon (kusoshi masu noti), ba girman walda. Ƙafar ginshiƙi ma zagaye kawai aka yi mata, aka rubuta cewa bayani zai zo daga baya. Ƙarafan giciye masu tare iska ban gan su ba ko a shafi ɗaya. Can ƙasan shafin ƙarshe kuma akwai ɗan ƙaramin rubutu cewa haɗe-haɗe suna wuyan ɗan kwangila.

Alhajin da ke da aikin mutumin kirki ne, tun mahaifina yana raye muke hulɗa. Kuɗi ɗaya dunƙule yake so, forfe, kuma a rufe kafin ruwa ya zauna a watan Yuni. Ya ce in sa hannu cikin makon nan don a yi odar ƙarfe daga Duwala. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuka gani?

Baba Usta, Marwa:
Wa alaikumus salam. Sani ɗana, kai da ka tashi a gindin injin walda, faranti da bulon ne za su hana ka barci? Tun kafin a haifi wasu a gidan nan muke ɗora rumfunan ƙarfe a Marwa da Yagwa da Kaele, da yawansu ko takarda ba mu gani ba, kuma suna nan tsaye. Sa faranti mai kaurin 20, bulon takwas a kowace kusurwa, ka ci gaba da aikinka. Idan ka tsaya tambaye-tambaye wani zai karɓe aikin, kuma Alhaji zai ga kamar ba ka yarda da shi ba.

Injiniya Halima, Ngaundare:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba wanda ke musun gwanintarku, mu ma a hannun irinku muka ga yadda ƙarfe yake lanƙwasa idan ya sha wuta. Amma ku ba ni dama in saɓa muku a nan.

Malam Sani, abin da ke hannunka zanen nuna siffa ne, irin wanda ake kai wa ma'aikatar gari don neman izinin gini ko don a ƙiyasta kuɗi. Ba zanen da ake yanka ƙarfe da shi ba ne. A aikin ƙarfe takardu hawa uku ne: takardar lissafi da ke nuna nauyi da iskar da ginin zai ɗauka, zanen injiniya da ke nuna kowane ƙarfe da ƙarfin da ke bi ta kowane haɗi, sai zanen bita wanda ke nuna kowace huda da kowane yanka. Kai an ba ka rabin na biyu, an ce ka yi na uku, na farkon kuma ba ka gan shi ba.

Firam mai faɗin mita 20 rayuwarsa tana kusurwa. Nan ne ƙarfin da ke neman lanƙwasa ƙarfe ya fi yawa, shi ya sa ake ƙara masa ƙarfe a ƙarƙashin kusurwar don ya yi zurfi. Ko za a sa wannan ƙarin, tsawonsa nawa, ajin ƙarfin bulon ɗin 8.8 ne ko 10.9, duk lissafi ne ke faɗa. Ƙafar ginshiƙi kuma ta fi wannan tayar mini da hankali. Idan injiniyan ya yi lissafinsa a kan ƙafa kafaffiya wadda ba ta juyawa, kai kuma ka sa bulon biyu a tsakiya kamar ta mai sassauci, ka canza ginin gaba ɗaya ba tare da ka taɓa girman ƙarfe ko ɗaya ba. Kuma kowa a nan ya san guguwar farkon damina. Rufin kwano ba shi da nauyi, iska ba danna shi take yi ba, ɗaga shi take yi. A ranar, abin da ke riƙe da sito a ƙasa shi ne waɗannan bulon ɗin da ba a zana ba.

Aminu, ɗalibi a Marwa:
Anti Injiniya, wannan ya tuna mini da abin da aka koya mana na otal ɗin Hyatt Regency a Kansas City ta Amurka. Ranar 17 ga Yuli 1981 gadoji biyu da aka rataye a cikin zauren otal ɗin suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka rasu. A zanen farko sanda ɗaya ce doguwa za ta ratsa gadar sama ta sauka har ta ƙasa. Kamfanin da ke ƙera ƙarfen ya ga hakan zai yi wuyar yi, aka mayar da ita sanda biyu, ta ƙasa ta rataya a jikin gadar sama. Wannan ɗan canjin ya ninka nauyin da ke kan haɗin gadar sama sau biyu. Binciken da aka yi ya nuna ko zanen farkon ma kusan kashi 60 cikin ɗari kawai ya kai na abin da dokar ginin birnin ta nema.

Injiniya Halima:
Haka ne Aminu, kuma abin da ya shafi maganarmu shi ne abin da ya biyo baya. Masu ƙera ƙarfen sun ce sun buga waya an amince musu, ofishin injiniyoyin ya ce ba a yi wannan wayar ba. Abin da ya rage a hannu shi ne hatimin ofishin a kan zanen bita. Kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ne ya yi lissafin haɗin, ashe babu wanda ya yi. A ƙarshe an ƙwace lasisin injiniyoyin a jihar Mizuri a 1986. Ƙarafan kansu ba su gaza ba, haɗin ne ya gaza.

Baba Usta:
Wannan otal ne mai hawa da yawa a ƙasar Turawa. Mu maganar siton gyaɗa muke yi.

Injiniya Halima:
Baba, a cikin siton gyaɗa ma 'yan dako suke yini, kuma idan hadari ya taso cikinsa suke fakewa.

Metir Bello, lauya a Garwa:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Bari in ɗauki ɓangaren shari'a, don a nan ne nake ganin Malam Sani zai fi shan wuya ko da ginin bai taɓa motsi ba.

A yankinmu har yanzu tsohon kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa ne ke aiki a kan kwangilar gini tsakanin mutane. Sashe na 1793 ya yi magana kai tsaye a kan forfe. Ma'anarsa: wanda ya karɓi gini a kan kuɗi dunƙule bisa zanen da aka amince da shi, ba shi da ikon neman ƙari, ko don kaya sun yi tsada, ko don leburori sun ƙara kuɗi, ko don an canza wani abu a zanen, sai fa idan mai aikin ya amince da canjin a rubuce kuma an daidaita farashinsa. A rubuce, Malam Sani. Ba "Alhaji ya ce mini a gaban direbansa" ba.

To duba halin da kake ciki. Ka sa hannu yau. Bayan wata ɗaya injiniyan ya aiko da bayanin da ya yi alkawari, ya ce a ƙara ƙarfen kusurwa, a sa giciye a rufi da bango, faranti ya zama mai kauri. Ka je wajen Alhaji neman ƙari, shi kuma ya nuna maka wancan ɗan ƙaramin rubutun na ƙasan shafi. Za ka iya cewa zanen bai kammala ba, don haka ba forfe na gaskiya ba ne, kuma hujja ce da ake kawowa gaban alƙali. Amma hujja ce da za ka kashe kuɗi da watanni kafin a saurare ta, alhali ka riga ka sayi ƙarfen da kuɗinka.

Na biyu, sashe na 1792. Idan ginin da aka yi a kan kuɗi dunƙule ya lalace, duka ko wani ɓangare, saboda aibin gini, har ma da aibin ƙasar da aka ɗora shi a kai, mai zane da ɗan kwangila suna da alhaki har shekara goma. Kada ka ce kai mai walda ne kawai. Sashe na 1799 ya ce magina da kafintoci da maƙeran ƙarfe da suka yi ciniki kai tsaye a kan kuɗi dunƙule, su ma 'yan kwangila ne a ɓangaren da suka karɓa. Ranar da ka zaɓi kaurin faranti da kanka, ka zama mai zanen wannan haɗin, ba tare da an biya ka kuɗin zane ba.

Na uku shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, sashe na 1788. Idan kai ne ka kawo kayan aiki, abin ya lalace kafin ka miƙa shi, asarar taka ce, ko da mene ne sanadin, sai dai idan an riga an yi wa mai aikin gargaɗin ya zo ya karɓa ya ƙi. Wato idan ka tsayar da firam tara, ba giciye, guguwa ta kwantar da su cikin dare a watan Mayu, ba wanda ke bin Alhaji bashin bayani. Kai za ka sake sayen ƙarfe.

Sani Mai Walda:
Innalillahi. Metir, wannan na ukun ban taɓa jin sa ba. To in na ƙi sa hannu gaba ɗaya fa? Yara shida ke aiki a wurina, ba mu samu babban aiki irin wannan ba tun bara.

Metir Bello:
Ban ce ka ƙi ba. Cewa na yi kada ka sa hannu a kan wannan takardar yadda take. Zan dawo kan hanyoyin, amma na ga Alhaji Ɗanjuma na Kusiri yana rubutu.

Alhaji Ɗanjuma, Kusiri:
E, ina rubutu, don na ji ana magana kamar mai aiki ne kullum mai wayo. Ku ji ta bakinmu mana. Ni ɗan kasuwa ne, shinkafa da sukari na sani, ban san IPE ba. Na biya mai zane, ya ba ni takarda da hatimi, na ɗauka ta cika. Na kira ma'aikaci, ya duba, ya faɗi kuɗinsa, na je banki na ɗauko bashi daidai wannan kuɗin. Bayan an kafa ginshiƙai sai a zo a ce mini wani abu ya ɓace a zane, in ƙara miliyoyi. Daga ina? Abin ya taɓa faruwa da ni a wani sito, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daga baya na gane ma'aikacin ya ga giɓin tun ranar farko. Shiru ya yi don kuɗinsa ya fi na sauran sauƙi ya samu aikin, yana jiran in shiga inda ba zan iya fita ba. Forfe ɗin nan da kuke kuka da shi, shi kaɗai ne garkuwarmu.

Metir Bello:
Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka gaskiya ce, kuma shari'a tana tare da kai a wannan. Alƙalai suna ɗora wa ƙwararre nauyin yi wa mai aiki nasiha. Wanda ya san sana'a, ya ga zane da giɓi a fili, ya yi shiru, ba zai zo daga baya ya ce shi umarni kawai ya bi ba. Shi ya sa abin da nake gaya wa Malam Sani ba dabarar cutar mai aiki ba ce. Faɗar giɓin kafin a sa hannu shi ne abin da ke kare ku duka biyun.

Injiniya Halima:
Alhaji, ni ma in faɗi namu, tunda an fara buɗe ciki. Sau da yawa zanen ba ya cika ne saboda abin da aka biya ke nan. Mai aiki ya zo ya ce "ɗan zane nake so in kai ma'aikatar gari", a yi ciniki a kan wannan, sannan a ɗauki takardar nan a miƙa wa mai walda a ce ya gina. Lissafin haɗe-haɗe aiki ne mai cin lokaci, wani lokaci ya kai na sauran ginin. Ban wanke abokan aikina ba: wanda ya san zanensa bai isa a yi gini da shi ba, ya rubuta hakan da manyan baƙaƙe a tsakiyar shafi, ba a lungu ba. Kuma duk mai aiki yana da damar ya tambaya ko wanda ya buga hatimin yana cikin rajistar ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ƙasa, ONIGC. Akwai masu zane da kwamfuta da yawa da ba su taɓa yin lissafin iska ba.

Malam Sani, ga wani lissafi da za ka nuna wa Alhajinka don ya ga ba rigima kake nema ba. IPE 300 nauyinsa kilo 42.2 ne a kowace mita, IPE 330 kuma kilo 49.1. Firam tara gare ka, kowanne da ƙarfen sama kusan mita 21, jimla mita 189. Idan lissafi ya fito ya ce a hau mataki ɗaya kawai, ƙarin ya kai tan ɗaya da kilo 300, ba a ma zo kan faranti da giciye ba. Kuma ka san hanyar: daga tashar ruwan Duwala, jirgin ƙasa ko tirela zuwa nan Ngaundare, sannan a gangara dutse zuwa Garwa. Ƙarfen da aka yi odarsa ba daidai ba, ba a mayar da shi a sati ɗaya.

Malam Isa, Garwa:
Jama'a, ina so in ce wani abu game da kunyar da Baba Usta ya ambata, don ita ce ainihin abin da ke hana mu rubutu. Muna ganin neman takarda kamar zargi ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin, ba waɗanda ake zargi ba. Malaman fiƙihu da suka yi magana a kan cinikin abin da za a ƙera sun shardanta a san siffarsa da gwargwadonsa yadda jayayya ba za ta taso ba. Kuɗi sananne a kan aikin da ba a san iyakarsa ba, akwai garari a ciki. Sani, idan ka je wa Alhaji ta wannan ƙofar, ban ga yadda zai ji haushi ba.

Baba Usta:
Malam, na karɓi wannan. Amma har yanzu ina cewa takarda ba ta riƙe rufi. Na ga aikin da aka cika shi da hatimi, walda kuma kamar kashin kaji.

Injiniya Halima:
Wannan kam Baba ba mu da saɓani. Zane mai kyau a hannun mai walda maras kyau ba ya tsinana komai. Shi ya sa nake son hannu irin naku ya samu lissafin da ya dace da shi.

Metir Bello:
To Malam Sani, ga yadda nake ganin za ka fita.

Mafi tsabta ita ce Alhaji ya koma wa injiniyansa ya biya shi ya kammala, ku jira, sannan ka ba da farashi. Idan lokaci bai ba da dama ba, ka karɓi aikin amma a raba kuɗin gida biyu: abin da zane ya nuna a fili ya zama dunƙule, abin da bai nuna ba a biya shi a kan kilo, da farashin kilo ɗaya da kuka rubuta tun yau, a auna bayan zanen ƙarshe ya fito. Alhaji zai san farashin, kai kuma ba ka ɗauki nauyin abin da ba ka gani ba. Idan kuma ya nace sai dai kai ka ɗauki haɗe-haɗen, to ka ɗauka da idonka a buɗe: ka sa kuɗin injiniya a cikin farashinka, injiniyan Alhaji ya ba da ƙarfin da ke kan kowane haɗi a rubuce, naka ya yi lissafi, nasa ya duba ya sa hannu kafin ka kunna injin yanka.

Ko wacce kuka zaɓa, kwangilar ta lissafa zanen da aka dogara da su ɗaya bayan ɗaya, da lambar kowane shafi da kwanan watansa. Na sha ganin mutum biyu a gaban alƙali, kowa da zanensa, duka da hatimi ɗaya, ba wanda ya san wanne ne na ƙarshe. A rubuta kwana nawa injiniya ke da su don amsa tambaya, a kuma rubuta cewa duk ranar da ya ƙara a kai, wa'adinka ya ƙaru da ita. Wannan layin kaɗai ya isa ya cece ka daga tarar jinkiri.

Garba, shugaban shantiye (wurin aikin gini) a Njamena:
Metir, gaisuwa daga wannan gefen gadar Ngeli. Tambayoyi biyu. Mu nan kusan komai a WhatsApp muke yi, injiniya ya turo hoto ko saƙon murya ya ce a canza kaza. Wannan yana tsayawa a kotu? Sannan dokokin da ka ambata, mu ma sun shafe mu?

Metir Bello:
Malam Garba, Chadi ma tsohon kundin Faransa take amfani da shi, don haka waɗannan sassan za ka same su a can. Kuma Kamaru da Chadi duka suna cikin OHADA, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da aka sa wa hannu a 1993 wadda ƙasashe 17 ke bi. Dokarta ta kasuwanci da aka sabunta a 2010 ta ce a sashe na 5 ana iya tabbatar da harkar kasuwanci a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta lantarki. Saboda haka saƙon waya ba banza ba ne. Amma kada ka jingina da shi kaɗai. Waya tana ɓacewa, ana goge saƙo, kuma saƙon murya na "to ba komai, ku ci gaba" ba ya nuna me aka amince da shi ko nawa ne. Bayan haka, a forfe doka amincewar mai aikin take nema, ba ta injiniya ba. Injiniya zai iya cewa a ƙara ƙarfe, amma ba shi ne zai ce an yarda a biya ba, sai an ba shi wannan ikon a rubuce.

Abin da nake ba mutane shawara: littafin shantiye mai shafi biyu da kwafi. Duk canji a rubuta shi a ranar, me aka canza, wa ya ce, kilo nawa, kuɗi nawa, kwana nawa, mai aiki ya sa hannu, kowa ya riƙe nasa. Idan abu ya fara ɗaukar zafi, kira wisiye, wato jami'in da ke zuwa ya rubuta abin da idonsa ya gani a hukumance, kafin a rufe wurin da kankare ko fenti. Kuma kada ka kwashe yaranka ka bar shantiye cikin fushi ba tare da ka aika takardar gargaɗi ba. Mai gaskiya da yawa ya koma mai laifi ta wannan hanyar.

Garba:
Aikin da muke kai yanzu na masu ba da tallafi daga waje ne, kwangilar FIDIC ce, wato samfurin kwangilar gini na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya. Can ma akwai tarkon da ya kamata 'yan'uwa su sani: idan wani abu ya faru da zai sa ka nemi ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci, kamar jinkirin zane, kwana 28 gare ka ka ba da sanarwa a rubuce daga ranar da ka sani. Ka wuce, haƙƙin ya tafi ko da gaskiyarka ta fi rana fitowa. Na ga ƙaramin ɗan kwangila ya rasa kuɗi mai yawa don yana jiran a gama aiki a zauna a yi magana cikin mutunci.

Metir Bello:
Haka yake. A aikin gwamnati a Kamaru kuma, dokar kwangilolin gwamnati ta 20 ga Yuni 2018 ce ke aiki. Tarar jinkiri kashi ɗaya cikin 2,000 na kuɗin kwangila ce a kowace rana cikin kwana 30 na farko, daga nan ta koma ɗaya cikin 1,000. Ƙarin da za a iya yi wa kwangila ta hanyar takardar gyara ba ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Can ba a motsi sai da umarnin aiki a rubuce.

Alhaji Ɗanjuma:
Metir, duk wannan na ji. Amma in rigima ta taso, kotu fa? Mutum ya shekara yana hawa da sauka, sito na tsaye ba rufi, kaya na jiƙewa.

Metir Bello:
Shi ya sa ba na gaggawar tura mutane can, Alhaji, duk da cewa nan nake cin abinci. A Kamaru ƙarar da ta wuce sefa miliyan 10 babbar kotu take zuwa, kuma alƙali ba injiniya ba ne, ƙwararre zai naɗa ya duba, a jira rahotonsa. Akwai sasanci na masu hukunci a Duwala, akwai kotun OHADA a Abijan, amma waɗannan na manyan ayyuka ne. Ga aiki irin na Malam Sani, ku rubuta sunan injiniya ɗaya da ku biyun kuka yarda da shi, wanda ba shi da hannu a aikin, ku ce duk saɓanin da ya shafi fasaha shi zai duba cikin 'yan kwanaki, aiki kuma ya ci gaba. Tun 2017 OHADA tana da dokar sulhu, yarjejeniyar da aka cimma ta wannan hanyar ana iya kai ta kotu a tabbatar da ita ta zama abin zartarwa. Ko dattijon kasuwa kuka zaɓa ya shiga tsakani, a rubuta abin da aka yanke.

Garba:
Injiniya, saura abu ɗaya da ke haɗa mu faɗa kullum. Bulon ɗin ƙafar ginshiƙi magini ne ke dasa su cikin kankare, makonni kafin ƙarfe ya iso. Ranar ɗorawa sai a ga sun kauce da santimita biyu ko uku. Magini ya ce zanensa ya bi, mai ƙarfe ya ce nasa ya bi, sai wani ya ɗauko wuta ya faɗaɗa hudar faranti ko ya lanƙwasa bulon. Wa ke da laifi?

Injiniya Halima:
Yawanci zane biyu ne da ba a taɓa ɗora ɗaya a kan ɗaya ba, na kankare daban, na ƙarfe daban. Mai ƙarfe ne ya kamata ya kawo bulon ɗin da kansa, tare da farantin gwaji mai huda daidai da na ginshiƙi, magini ya dasa da shi. Kafin a zuba kankare ku auna tare, tsawo da faɗi da kusurwa zuwa kusurwa, ku sake aunawa bayan ya bushe, ku biyun ku sa hannu a takarda ɗaya. Daga wannan sa hannun, abin da ke ƙasa na magini ne, abin da ke sama na mai ƙarfe. Idan an sami kaucewa, a tsaya a kira injiniya ya rubuta gyaran, ko sabon faranti mai faɗi ko sababbin bulon da ake hudawa a dasa da sinadari. Bulon da aka gasa da wuta aka lanƙwasa ba a san ƙarfin da ya rage masa ba, kada ka yarda a ɗora ginshiƙi a kansa. A yankin Kusiri da Njamena kuma ku ƙara da gwajin ƙasa kafin a zana tushe, don baƙar ƙasar nan tana kumbura da damina ta tsage da rani, kuma Metir ya riga ya gaya mana aibin ƙasa ma yana cikin alhakin shekara goma.

Garba:
Na gode Injiniya. Jibi za mu zuba kankaren layi na biyu, zan sa a dakata har mai ƙarfen ya turo farantin gwajinsa. Idan kina da samfurin takardar aunawar da kuke sa wa hannu, ki turo mini ta akwatin sirri.